Kuɗin Gwiwa

Ka lura, a yawancin jirage ta gaba ake shigar da fasinja. Sai ka ratsa ta tsakiyar manyan kujeru, masu faɗi kamar na falon attajiri, kana jan jakarka. Masu su har sun zauna, an miƙa musu lemo, suna duba waya don kada ku haɗa ido. Kai kuwa naka wurin yana can baya. Idan kowa ya zauna, sai a ja labule.

Can bayan, da inci ake awo. Tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta, a Amurka a shekarun 1970, ta kai wajen inci 35. Yau yawanci 30 ne ko 31, kamfanonin araha kuma sun sauko har 28. Ƙafar ɗan Adam dai ba ta gajarce ba a tsakanin.

Abin ya samo asali ne tun 1978, lokacin da gwamnatin Amurka ta cire hannu daga ƙayyade kuɗin tikiti. Kamfanoni suka shiga rige-rigen araha. Lissafin kuwa ko ɗan firamare zai yi shi: tsakuro inci ɗaya daga layi talatin, ka samu wurin sabon layi, kujera shida ke nan. Albashin matuƙi bai ƙaru ba, man ma kaɗan ne ƙarinsa. Boeing 777 ya fara aiki a 1995 da kujera tara a jere. Yanzu kamfanoni da yawa goma suke jerawa, jirgin kuma bai ƙara faɗi ba. Kafaɗarka ce ta cike giɓin.

Kada ka yi saurin zagin masu jirgi, maƙwabci. An taɓa gwada mu. A 2000 kamfanin American Airlines ya kwashe dubban kujeru daga jiragensa don kowa ya miƙe ƙafa, ya cika duniya da talla. Mutane suka yaba. Amma da aka zo sayen tikiti, sai kowa ya nufi inda ya fi sauƙi. Cikin 'yan shekaru aka dawo da kujerun shiru-shiru. Baki ke kukan matsi, yatsa ke danna mai araha, duk a jikin mutum guda.

Mu da muka saba da tasha, wannan ba baƙon ciniki ba ne. Gaban mota mutum biyu ne, wanda ke son sakewa ya biya kuɗin biyun. Direba bai taɓa ɓoye maka ba. Masu jirgi ne suka iya kwaskwarima: incin da suka ɗauke jiya, shi suke sayar maka yau da sabon suna.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne layin ƙofar gaggawa. Akwai fili a nan ne don mutane su samu hanyar fita idan wani abu ya faru, ba don ƙaunarka ba. Yanzu kamfanoni da yawa sai ka ƙara kuɗi za ka zauna a wurin. Kafin a tashi, ma'aikaciya ta zo ta tambaye ka ko ka yarda za ka buɗe ƙofar in hatsari ya auku. Ka biya, an kuma ba ka aiki. Ka ce na yarda, har da murmushi.

A watan Agustan 2014, a wani jirgin United daga Newark zuwa Denver, wani fasinja ya maƙala 'yar na'ura da ke hana kujerar gabansa kwantawa. Matar da ke kujerar ta juyo ta watsa masa ruwa. Matuƙi ya karkata zuwa Chicago, aka sauke su, jirgi ya wuce. Su biyun kuwa a layukan da ke da ƙarin fili suke zaune.