Kwamfuta Ba Ta Yin Gyara

Ranar da na daka wa mahaifiyata tsawa a gaban mutane, ranar Asabar ce, saura kwana huɗu Kirsimetin 2024. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi, domin na san a cikinku, masu karatu, akwai masu tsofaffi a gida irina.

Asalin maganar daga waya ta fara. Ina da 'yar ƙanwar Mama da ke aikin nas a ƙasar Niyu Zilan, duk ƙarshen mako takan kira mu ta WhatsApp, Mama ta sa wayar a kan cinya suna hira kamar suna tsakar gida ɗaya. Rannan sai take ba mu labarin wata tsohuwa da take kula da ita, wadda ba ta zuwa cefane sai ranar Talata. Dalili kuwa, a can gwamnati na bai wa duk wanda ya kai shekara 65 wani kati da suke kira SuperGold, tun 2007 aka fara shi, kuma wasu manyan kantuna sun ware rana guda a mako, galibi Talata, da mai katin zai nuna a rage masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin kayan abincin da ya saya. Ni dai dariya na yi, na ce kashi biyar ɗin me? Mama kuwa ba ta yi dariya ba. Tambaya ɗaya ta yi: “Sai ya roƙa, ko kuwa nunawa kawai zai yi?” Aka ce mata nunawa kawai. Ta gyaɗa kai ta ce, “To, madalla.” Na ɗauka maganar ta wuce ke nan.

Bari in ɗan gaya muku wace ce Mama. Ba ta san ranar haihuwarta ba. Abin da take cewa shi ne, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi hawan daba, wato 1956, ta riga ta fara ɗaukar ƙaramin tulu zuwa rafi. Da wannan lissafi muka kai ta rajistar lambar NIN, yaron da ke kan kwamfuta ya ba ta 1 ga Janairu, kamar yadda ya bai wa tsofaffin da ke gabanta a layi. Baba ya yi aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri, lokacin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi har babu wurin taka ƙafa. Bayan rikicin 2000 muka bar gidan haya muka tare a Romi, inda ya ɗan gina ɗaki biyu da falo. Masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya daga 2002, tasa ma ta bi sahu, ya yi ta sintirin neman kuɗin sallama har ƙasa ta rufe masa ido. Mama ba ta da fansho. Ƙosai ta soya a bakin titi shekara da shekaru, da shi ta biya mana kuɗin makaranta, sai da hayaƙi ya cinye mata ido sannan ta ajiye kasko.

To, a wannan Asabar ɗin an biya mu albashi da wuri a makarantar da nake koyarwa, sai na ce yau zan fitar da tsohuwata kunya. Na ɗauke ta a keke muka nufi wani babban kanti na zamani a Barnawa, irin mai sanyi da kwandon turawa. Ba ta taɓa shiga ba. Tana tafe tana taɓa kaya tana tambayata kuɗinsu, in na faɗa sai ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Muka ɗauki shinkafa 'yar ƙaramar jaka, man gyaɗa, madara, tumatirin gwangwani da sukari, muka shiga layi.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta gama danne-dannenta ta faɗi jimla. Kafin in buɗe jaka Mama ta riga ni magana.

“'Yata, nawa za ki bar mini?”

“Mama, a nan ba a ragi. Yadda kwamfuta ta faɗa haka ne.”

“To, gyara fa?”

Wani saurayi a bayanmu ya tuntsire da dariya. Sai na ga Mama ta kwance bakin zaninta, ta ciro 'yar ledar da take adana takardunta, ta zaro katin zaɓe ta ɗora a kan teburin. Ta ce, “Ga katin gwamnati. Ki duba shekaruna.” Yarinyar ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Mama ta ga kamar katin ne bai yi ba, sai ta ƙara da takardar NIN, ta ƙara da katin asibiti. A nan ne shaiɗan ya hau kaina, na ce da ƙarfi, “Haba Mama! Nan ba kasuwar Kakuri ba ce, ki daina kunyata ni!”

Ba ta ce uffan ba. Ta tattara katunanta ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin leda, ta ƙulle bakin zani. Yarinyar nan, Allah Ya yi mata albarka, ta ce a hankali, “Mama ki yi haƙuri, da shagona ne wallahi da na rage miki.” Ita baƙuwa ta san abin da ya dace ta faɗa, ni da ta haifa ban sani ba.

Har muka wuce Television ba wanda ya yi magana a cikin keke. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Talatu, ni ban roƙe ta ba. Kati na nuna.”

Daren nan ban yi barci ba. Na yi ta juya maganar, sai na gane abin da ta ji a wayar nan wanda ni ban ji ba. Ni kashi biyar na ji, na raina. Ita kuwa abin da ta ji shi ne akwai ƙasar da tsohuwa ke samun sauƙi ba tare da ta lanƙwasa murya ba. Daga baya na bincika na ga ba Turawa kaɗai ke yi ba. Ƙasar Filifin, wadda ba ta fi mu arzikin ƙasa ba, tana da dokar 2010 da ta bai wa duk ɗan shekara 60 ragin kashi 20 a magani da gidan cin abinci da kuɗin mota, da kashi 5 a kayan masarufi na yau da kullum. Mu ma ba a ce ba a taɓa motsawa ba. A 2011 Gwamna Kayode Fayemi na Ekiti ya fara bai wa tsofaffi marasa galihu 'yan shekara 65 zuwa sama naira 5,000 duk wata. A farkon 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021. Amma katin da tsohuwa za ta ajiye a gaban mai kanti a Kaduna, doka ta ce dole a rage mata, babu shi. Mama ta zazzage duk abin da gwamnati ta taɓa ba ta mai ɗauke da hotonta, ba ko ɗaya da ke sayen ƙwayar shinkafa.

Rangwamen da muka saba gani irin na rububi ne. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, an yi ta fito da shinkafa mai rahusa. A Fabrairun 2024 hukumar kwastan ta sayar da buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000 a Yaba ta Legas, turmutsitsin da aka yi ya ci rayuka har aka dakatar. A Satumbar shekarar gwamnatin tarayya ta fara sayar da mai kilo 50 a kan naira 40,000 ga wanda ya zo da lambar NIN. Ku gaya mini, tsohuwar da gwiwa ke hana ta tsayuwa a coci har a gama waƙa ɗaya, ina ita ina wannan layi? Ina ma ta ga dubu arba'in a dunƙule? Mama da mudu take awo, wani lokaci rabin mudu.

Washegari bayan mun dawo daga sujada na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Sannan ta faɗa mini abin da ta ɓoye mini fiye da shekara: akwai bashin Malam a kanta.

Malam mai awo ne a kasuwar Litinin ta Kakuri. Tun ina goye Mama ke sayen wake a wurin mahaifinsa, da tsohon ya rasu ɗan ya gaji rumfar ya gaji masu ciniki. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin nan biyu, kowa ya koma inda nasa suke, amma ba su raba Mama da wannan rumfa ba. Akwai masu awo a Romi, akwai a Sabon Tasha, ita dai sai Kakuri. Idan ya auna mata mudu, sai ya tsoma hannu a buhu ya ƙara mata cikin tafi, wani lokaci biyu, ya ce, “Ga na tsufa, Mama.” Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a bakin banki, wata biyu yana ba ta masara da wake bai ga ko sisi ba.

Ranar Litinin na je na same shi. Na gaishe shi na ce ni 'yar Mama ce ta Romi, na zo biyan abin da ke kanta. Ya jawo wani littafin makaranta da ya sha maiƙo, rubutun ajami ne a ciki, ya yi ta buɗa shafi. Na ce, “Malam, duk waɗannan masu bashi ne?” Ya ce, “Yawancinsu iyayenmu ne irin Mama. Wasu matan 'yan masaƙa ne, wasu mazan ne da kansu.” Ya nuna mini sunayen da ya ja wa layi, ya ce waɗannan sun rasu, ya yafe. Sai ya rage murya ya ce, “Malama, gaskiya abin ya fara fin ƙarfina. Da, dillali kan ba ni buhu goma in sayar in kawo. Yanzu sai kuɗi hannu, ga kuɗin mota ya ninka. Gyaran da nake yi da tafi, yanzu da yatsu nake yi, ina jin kunya.” Ya ce sabuwar fuska kuwa ya daina buɗe mata shafi.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mini. A layinmu kaɗai akwai tsofaffi biyu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru, suna raɓe a gidajen 'ya'yansu. Da rumbunansu suke a can, ba su taɓa sayen hatsi ba sai da suka zo birni da furfura. Su wa ya san fuskarsu a Kakuri? Mama shekara arba'in ta yi tana gina nata katin, da gaisuwa, da zuwa ta'aziyya, da ƙin sauya rumfa ko an yi mata tayin mai araha. Waɗannan ba su da shekara arba'in a gaba.

Ba na cikin masu cewa a kwafo abin Niyu Zilan yadda yake. Ko gobe kantunan Barnawa suka fara ragin kashi biyar, kuɗin keke daga Romi zuwa can da dawowa zai cinye shi har ya nemi ƙari. Tsofaffinmu a gaban mudu suke, in za a yi musu sauƙi a nan za a yi. Legas ta gwada kasuwannin Lahadi na Ounje Eko a 2024, da ragin kashi 25 a kan kayan abinci, ko da yake na kowa da kowa ne. Ashe ana iya kai rangwame cikin kasuwa in an so. Abin da ke damuna shi ne, nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka da kuɗin jama'a, an bar wa mutum ɗaya mai rumfar kwano da iyali tara, yana ɗauka da yatsunsa, kuma duk wadda ya yi wa sai ta yi godiya har da rusunawa. Na san akwai masu cewa in aka yi kati 'yan siyasa za su raba wa 'yan shekara talatin. Za su yi, ba musu. Amma ban taɓa jin an soke katin zaɓe don ana maguɗi da shi ba.

Na ƙirga kuɗin gaba ɗaya na miƙa wa Malam. Ya karɓa, ya ƙirga, sai ya zare naira dubu biyu ya mayar mini. Na ce ai cikakke ne. Ya ce, “Na sani. Ki bar wannan a shafinta. In na ja layi, Mama za ta ji nauyin sake buɗe sabo, sai ta zauna da yunwa ba ta faɗa miki ba. Ni na san ta.”

Da na koma gida na faɗa mata yadda muka yi, ta yi murmushi ta ce yaron nan ya ɗauko halin ubansa. Litinin ta gaba tare muka je, na riƙe mata jaka. Ya auna mudu biyu na wake, ya tsoma hannu a buhu. Na ga Mama ta kawar da kai tana kallon masu doya, don kada ta ga ko tafi ne ko yatsu.