Kasala, Garin Amare Da Gahawa

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ko da yake garin da zan kai ku garin masoya ne. Kasala ke nan, can gabashin Sudan dab da iyakar Iritiriya, inda na ziyarci gwaggona a shekarar 2021. Daga Khartum muka shiga bas da asuba, muka ratsa Wad Madani da Gadarif, sai da la'asar muka hango duwatsun Taka, sulɓi-sulɓi kamar an kifa manyan ƙwarya.

Hausawa suna da yawa a Kasala. Wasu jikokin mahajjatan ƙafa ne da suka yada zango, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A kasuwa sai ki ji Hausa raɗau, an ɗan yayyafa mata Larabci. A gindin dutsen Totil akwai rijiyar da ake cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya dawo garin, shi ya sa ango da amarya ke zuwa can cin amarci. Da yamma za ki gan su biyu-biyu, amarya ta sha lalle har gwiwar hannu, gabansu tire na gahawa.

To gahawar nan ita ce maganar. Jabana suke ce mata, sunan 'yar butar yumɓun da ake zuba ta ciki. Gwaggo ba ta sayen gari, ɗanyun 'ya'ya take saye, waɗanda ake kawowa daga Habasha, ƙasar da itacen ya samo asali. Takan zuba kamar cikin tafin hannu a ɗan kaskon ƙarfe bisa garwashi, tana girgizawa har su yi baƙi-baƙi su fara naso, sannan ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Nan take za ta daka su a ɗan turmi tare da busasshiyar citta, ta zuba a ruwa a ɗan gwangwani mai mariƙi. In ya taso ta ɗaga, ya kwanta ta mayar, kamar sau uku. Daga nan ta juye a jabana, ta cusa zaren jikin dabino a bakin don ya tare tuka. Finjali ƙanana, sukari rututu, ga gugguru, ga turaren wuta yana tashi. Zagayen farko shi ne mai ƙarfi, sai a ƙara ruwa a yi na biyu da na uku.

Na ce, "Gwaggo, duk wannan aiki don kurɓi uku?"

Ta harare ni ta ce, "Ke 'yar nan, wanda kika ba jabana ai lokacinki kika ba shi. In sauri yake, ga randa can."

Mu a Kano iri biyu muka fi sani. Akwai gahawar Saudiyya da hajiyoyinmu ke yi: sama-sama ake soya 'ya'yan, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa. A dafa ta kamar minti 15 a wuta kaɗan, a sa hel da ɗan kanumfari, ba sukari, dabino ne abokin tafiyarta. Ba ta da nauyi, ta dace da baƙi masu yawa don fulas guda sai ya zagaye falo. Sai kuma Nescafé ta teburin mai shayi, wadda tun a masana'anta aka dafa aka busar, ke narkarwa kawai kike yi. Daren jarrabawa tana da rana, amma ƙamshinta bai kama ƙafar waɗancan ba.

A nawa ɗanɗanon jabana ce gaba, kuma sirrinta suya da daka a lokacin da za a sha, domin gari in ya kwana biyu a buɗe ƙamshin guduwa yake. Kada ki bari 'ya'yan su ƙone, ɗaci za ki sha. Kada kuma ki sha da dare, sai ki kwana kina ƙirga azara. In ba ki da jabana, ƙaramar buta da rariyar shayi sun wadatar.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban mutane suka gudo Kasala. Gidan gwaggo mai ɗaki uku ya karɓi iyalai biyu daga Khartum. Ta faɗa mani a waya cewa ko ranar da sukari ya yanke ba ta fasa hura gawayi da la'asar ba, don a lokacin ne kawai matan ke zama su yi hira har wata ta yi dariya.

Ku sa su a addu'a, 'yan uwa. Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, Ya zaunar da tamu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.