Akushin Baba Ƙarami

Har yau idan na ji ƙarar keken ɗinki irin na ƙafa, sai in tsinci kaina a gidanmu na Gobarau, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, riƙe da baƙin akushi mai zafi, na tsaya a bakin asabari ina sauraren numfashin wanda ke ciki kafin in yi sallama. Daga tsakar gida ana hango kan hasumiyar nan da aka ce tun zamanin Muhammadu Korau take tsaye, tsattsewa na kewaya ta da yamma, hayaƙin kara da ƙamshin daddawa suna tasowa daga madafa. Nakan tambayi kaina me yaron nan yake tsoro haka. Ƙanen ubansa ne fa a ɗakin.

Ciwon ya soma a 1987, shekarar da aka ba Katsina jiha. Gari na murna, Baba Ƙarami ya daina barci. Tela ne, mai hannu a aikin babbar riga, sai ga shi yana taka keke cikin dare har asuba, babu zare a allura. Daga baya ya fara amsa wa waɗansu mutane da mu ba ma jin muryarsu. A gidanmu ba a taɓa kiran ciwon da sunansa ba, "jikin ya motsa" ake cewa. Yaran unguwa ne suka kira sunan, da ƙarfi, a bayana, har na riƙa canza hanya idan zan tafi makarantar allo.

Masu dubiya kowa da tasa. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu. Wani dattijo ya ba da shawarar a kai shi inda ake sa mari, ko a ɗaure shi a turu har ya lafa. Iya, kakarmu, tana zaune tana kaɗi, ba ta ko ajiye mazari ba. Ta ce, "Malam, wanda na goya a bayana ba za a sa masa ƙarfe a ƙafa ba ina da rai." Ba a sake tayar da maganar ba.

Ita da babanmu suka ɗauke shi a mota, ta Funtuwa da Zariya, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Suka dawo da ƙwayar Largactil, Iya ta juye ta a wani tsohon gwangwanin alawa ta ɓoye cikin lefenta. Ba ta san agogo ba, ladan ne agogonta. Da an kira isha'i sai ta miƙe da moɗar ruwa, ta tsaya a kansa har ta ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan ta ja layi ɗaya a bango da allin kaɗinta. Rubutun malam ma bai yanke ba, ana kawowa a ƙoƙo da safe, don ita ba ta ga kishi tsakanin malam da likita ba. Maganin yana sa shi barci mai nauyi, bakinsa ya bushe, wuyansa ya sandare, hannunsa na rawa. Sai ta dama masa kunun tsamiya, ta murza masa wuya da man kaɗanya, tana ba shi labarin wa ya haihu, wa ya yi aure, kamar yana tambaya.

Doka ɗaya ta kafa: ba zai ci abinci shi kaɗai ba. Ni aka ɗora wa wannan. Nakan zauna a gefen tabarma, kusa da ƙofa, in riƙa cusa tuwon dawa da miyar kuka da sauri. Wata rana ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ɗana, tsorona kake ji?" Na yi shiru. Sai ya sa yatsa mai rawa ya turo tsokar nama ɗaya tilo da ke cikin miyar zuwa gefena. Daga ranar na matso ciki.

Da damina ta biyu ya ji sauƙi, ya soma ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin tabarma, jikin ya sake motsawa. A daren ne na ga Iya a gindin murhu, wuta ta mutu, tana share ido da haɓar zane, ba wanda ya ce mata sannu. Da gari ya waye ta sayar da akuyarta da tasoshin jerenta, aka sake kama hanyar Kaduna.

Sai da na girma na karanta cewa wani likita, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta a 1954, inda ake saukar da marar lafiya a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa da zai zauna da shi har ya warware. Na ajiye littafin ina ganin layukan alli a bangonmu.

Wata safiya Iya ta shiga ɗakinsa da tsohon zanenta da ya yage, ta ce, "Tashi ka ɗinke mini, kuma biyanka zan yi." Ya daɗe yana kallon keken. Ya share ƙura, ya ɗiga mai, ya nemi in zura masa zare domin hannun bai gama tsayawa ba. Da ƙarar ta tashi, matan gida suka tsaya da daka. Ɗinkin ya karkace, amma ta kwance haɓar zane ta ƙirga masa kuɗi a tafin hannu, ta ɗaura zanen da ya ɗinka ta fita unguwa.

Bai sake barin maganin ba. Ya yi aure, ya koya wa yara ɗinki a zauren nan. Akushin yana wurina, ya tsage a baki. Ranar da Iya ta rasu, Baba Ƙarami ne ya ɗinka mata likkafani.