Allura Ɗaya, Mutum Ɗaya

Jama'a, mu da muka taso a Dichemso mun riski zamanin sirinjin gilashi. Dafa shi ake yi a tafasasshen ruwa, a sake yi wa wani allura da shi. Kamfanin Becton Dickinson na Amurka, wanda aka kafa a 1897, ya fito da nasa na roba a 1961: a yi allura sau ɗaya, a jefar. Darajarsa ta ƙara fitowa da aka gano ƙanjamau a Ghana a 1986. Ciwon hanta ma yana bin jini. Don haka in za a yi wa yaranmu allura, mu ce a ɓare sabo a gabanmu. Wanzami ma ya zo da sabuwar reza. Allah Ya tsare mu.