Dashen Agusta da Kututturen Gona

Ranar 3 ga watan Agusta ta kowace shekara, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce kuma ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Manya su fito da manyan riguna, a haƙa rami, a yage leda, a sa dashe, a zuba ruwa, a ɗauki hoto. Makarantu ma akan kawo musu rabonsu, dogon yaro goma ko ashirin a jera su a bakin fili. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ranar tana faɗowa ne a tsakiyar babban hutu. Yara suna gona, malamai da yawa sun koma garuruwansu, makarantar ƙauye kuwa ba ta da katanga. Kafin a koma aji a watan Oktoba, awaki sun gama nasu bikin. Na kusa shekara ashirin ina koyarwa a ƙauyukan Mayahi da Tasawa, kuma cikin dashen Agusta da na gani a harabar makarantu, waɗanda suka kai har mutum ya zauna a inuwarsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Ba raina dashe nake yi ba. Inuwar da muke sha a titunan Maraɗi da Tasawa, wasu ne suka dasa ta suka yi ta fama da bokiti har ta kama. Amma idan ka fita bayan makaranta ka dubi gonakin da ke tsakanin Sarkin Hausa da Mayahi, ko ka bi hanyar Tasawa zuwa Agye, za ka ga itatuwa birjik a cikin hatsi: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, nan da can ƙirya. Mafi yawansu babu wanda ya dasa su, babu wanda ya taɓa zuba musu ko moɗa guda. Kututture ne aka bari ya tofo, aka yi masa aski, aka kare shi daga gatari. Wannan shi ne sassabin zamani. Yaran da ke zaune gabanmu a aji sun ɗauka haka ƙasar take tun fil'azal.

Mu da aka haifa a farkon shekarun 1980 mun tarar da ita a wani hali daban. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ba ko tsinke. Kafin damana a sassabe duk abin da ya tofo, a tara, a cinna wuta. Wanda ya bar sabara a gonarsa rago ne, har zunɗensa ake yi. Zamanin noman gyaɗa da zuwan garmar shanu sun ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, domin kututture yana kama garma. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, wanda tsofaffinmu ke kira El-Buhari. Ina tuna yadda iskar farkon damana ke tasowa ba abin da zai tare ta, ta binne hatsin da bai wuce tsawon yatsa ba, ko rairayi ya yanke shi. Mahaifinmu kan sake shuka sau biyu, wani lokaci sau uku, kuma irin da ake sakewa daga rumbun abinci yake fita. Iyayenmu mata kuwa kara da kashin shanu suka koma hurawa, abubuwan da ya kamata su zauna a gona su zama taki.

A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da abin da aka kira Alƙawarin Maraɗi. Hankalin hukuma a lokacin yana kan dashe ne. Amma shekara guda kafin nan, a 1983, wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi, wanda shi ma ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura da abin da kowa ke takawa yana wucewa. Ƴan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da aka sare waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Dashen leda sai ya yi shekaru kafin saiwarsa ta kai ga laima, kuma galibi rani ke kashe shi a hanya. Kututture kuwa ya riga ya gama wannan tafiya tun kafin a haife mu. Abin da yake bukata kawai, a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi cikin waɗanda suka tofo, a cire sauran, a share na gefe har wajen rabin tsayi, a dawo baɗi a sake gyarawa. Cikin shekara uku ko huɗu sai ka ga abin da ake takawa ya fi mutum tsawo.

Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane suka karɓa don cikinsu. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba su ne suka zama makarantar maƙwabtansu, domin kowa ya ga gonar da iska ba ta binne wa shuka ba. Daga gona zuwa gona abin ya yaɗu, ba da sanarwar rediyo ba. A tsakiyar shekarun 2000, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Larwanu Mahaman suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka kiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5, itatuwan kuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Bature ya samu lambarsa, kuma ya cancanta. Sai dai miliyan 200 ɗin nan, adda da gatarin iyayen ɗalibanmu ne suka yi su. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya: a ƙasar Damagaram an daɗe ana barin gawo a gona, har ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun yake yi wa mai saransa.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, me ya sa mutanen da suka san amfanin gawo tun kaka da kakanni suka yi shekaru suna kashe shi tun yana ƙarami? Ba jahilci ba ne. Tun dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, har zuwa tamu ta 1974, icce kusan na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Gawo yana cikin itatuwan da doka ta hana taɓawa. Idan ka bar shi ya girma, ka jawo wa kanka jami'in gandun daji, ranar da ka sare reshe guda sai tara. Mai hankali sai ya kashe shi tun bai kai a gani ba. Lokacin da hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauyuka, mutane suka fara jin cewa abin da suka bari a gona nasu ne, a lokacin ne itatuwa suka dawo. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raya a gonarsa. Na tambayi iyaye a taron makaranta ko sun san da ita. Babu wanda ya taɓa jin an karanta ta da Hausa.

Wanda yake son ya ga bambancin iccen da ke da mai shi da wanda ba shi da shi, ya gangara Gulbin Kaba, wannan tsohon kwari da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi. Sunansa ma ya faɗi arzikinsa. Kaba ita ce goriba tun tana ƙarama, kuma daga ita ake samun tabarma da igiya da kuɗin cefanen dubban mata. Amma a filin da yake na kowa da kowa, ba wanda ke jiran ganye ya ƙosa, domin in ka bari wani zai yanka gobe. Ana yankan kaba har cikin zuciyarta, sai ta dawwama a ƙasa ba ta taɓa miƙewa ta zama goriba ba. Ƴaƴan ma tun suna ɗanyu ake kaɗo su. Tsofaffin goriba suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gadonsu ba su taso ba. Haura ƴan taku kaɗan zuwa gonar wani, sai ka ga goriba matashiya ta yi rassa biyu, don akwai idon da ke kanta.

Duk wannan babu shi a darasin da muke koyarwa. A makarantar horon malamai an koya mana darasin hamada da Faransanci: dalilanta, illolinta, maganinta. Maganin kuwa kalma ɗaya ce, a dasa itatuwa. Yaro ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, ya koma gida ya wuce ta gefen babban aikin raya ƙasa da duniya ke zuwa kallo bai san shi ne amsar tambayar ba. Nakan sa ƴan aji shida su rubuta sunayen itatuwan da suka sani da Hausa. Ƴan mata kullum su ke cinyewa, don su ke zuwa itace: sun san wanda ke hayaƙi, wanda ke tartsatsi, wanda gara ba ta ci. Wata yarinya ta taɓa tambayata, "Mushe, don me gawo ke zubar da ganye da damana alhali kowa yana tofowa?" Wannan tambaya ta fi rabin littafin daraja. Daga ita kaɗai za ka bayyana wa yaro dalilin da ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo: ba ya tare masa rana lokacin noma, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna barin kashi. Tunda tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana wannan darasi shiga aji da sunayensa na asali ba.

Iyaye, ku ma da naku. Sassabe a watan Afrilu da Mayu ake yinsa, lokacin da samari da yawa ke can wajen bida, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya. Sai a tura yara ƴan shekara goma sha biyu da adda a ce su share gona. Yaron da ba a taɓa tsayawa da shi gaban kututture an nuna masa reshen da ake bari ba, komai zai kwashe, kuma ba laifinsa ba ne. Aikin minti goma ne a nuna masa. Mu malamai ma muna da ruwa da tsaki a ciki, ko don azuzuwan zana da ake kafa mana duk Oktoba: dirkokin da kwamitin iyaye ke tarawa, daga gonakin da aka yi wa sassabin zamani suke fitowa. Damana kuma ta daina bin ƙa'idar da muka sani. A 2024 ambaliya ta yi ɓarnar da ta sa aka ɗage komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ko ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, gonar da ke da saiwa a cikinta ta fi riƙe ƙasarta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sata. Gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado, birane suna ƙara cin itace, kuma icce ya zama kuɗi. A Ɗan Saga, can ƙasar Agye, mutanen gari sun daɗe da kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda har mata da makiyaya ke ciki, kuma kowa ya san abin da zai biya in aka kama shi. A garuruwa da yawa babu irin wannan. Bara wani uba da ɗansa ke ajina ya wayi gari ya tarar an sare masa gawo huɗu da ya yi shekara shida yana renonsu, sawun amalanke ya nufi hanya. Ya kai ƙara, aka ce ya kawo wanda ya gani da ido. Da na je yi masa jaje na tambaye shi, "Baba, bana za ka sake bari?" Ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce zai bari, amma a gonar da ke bayan gida kaɗai, inda yake jin ƙarar gatari daga ɗaki. Ta nesa, wadda ke bakin hanya, ya ce zai sassabe ta fes kamar yadda mahaifinsa ya yi.