Kwarin Majiya, Inda Itatuwa Ke Ciyad Da Ƙasa

Yau ina so ku ɗaura ɗankwali mu tafi ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar, mu ga Kwarin Majiya. Kadan kun bar Madawa kuka nufi arewa wajen Buza, za ku ratsa tudu mai duwatsu da jar ƙasa, sa'an nan ku gangara kwarin. Ruwansa na damina shi ne ke malalowa kudu har tafkin Kalmalo, kusa da Illela.

Dā iskar hunturu kan kwashe ƙasar gonakin nan, guguwar farkon damina kuma ta binne shuka da yashi. A shekarar 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE da manoman wurin suka fara dasa dogon yaro, watau darbejiya, jeri biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Daga baya aka haɗa da bagaruwa. Shingayen suka kai ɗaruruwan kilomita, gero kuwa ya ƙara auki.

To, tare iska kowa ya gani. Amma akwai wani aiki a ƙarƙashin ƙasa wanda ido ba ya kaiwa. Cikin cokali guda na ƙasa mai kyau akwai ƙwayoyin halitta miliyoyi, su ne ke ruɓar da ganye ya koma taki. Abincinsu kuwa abin da itace ya zubar ne. Ku duba, yaron da ake ba tuwo da miya iri ɗaya kullum, ai ba ya yin ƙwari kamar mai samun wake yau, zogale gobe. Haka su ma. Ganyen wani itace na saurin ruɓewa, na wani yana daɗewa, saboda haka inda aka gauraya itatuwa abinci ba ya yanke musu.

Bagaruwa da gawo kuma dangin wake ne. Kun san ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar gyaɗa? Su ma suna da su. A ciki wasu ƙwayoyi ke zaune suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar. Darbejiya ba ta da wannan baiwa, amma tana zubar da ganye da yawa, inuwarta kuma na riƙe laima. Kowa da ranarsa.

Saboda haka, uwargida, kadan za a yi dashe a bayan gida ko gona, ki ce da maigida a gauraya, kada a cika iri ɗaya. Ganyen da kika share kuwa kada ki cinna masa wuta. Tara shi a rami tare da toka da kashin awaki, damina ta same shi. 'Yan makaranta, ku tumɓuke gyaɗa guda ku duba saiwarta, ku nuna wa iyayenku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.