Zanen Alli a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota

A Amurka akwai mutanen da ke kashe maƙudan kuɗi su gyara tsohuwar mota har ta koma fil, sannan su sake biyan wani ya shiga ƙarƙashinta ya yi mata 'yan zane-zane da alli, ya kuma bar fenti ya ɗan fantsama a inda bai kamata ba. Da muka karanta wannan a zaman ƙungiyarmu, dariya ta hana mu ci gaba. Amma da dalili.

Motocin da ake yi wa haka su ne waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, saboda girman injinsu. Yayinsu ya fara da Pontiac GTO a 1964, sai irin su Dodge Charger da Plymouth Barracuda suka biyo baya, kafin tsadar mai ta 1973 da kuɗin inshora da dokokin hayaƙi su karya kasuwarsu. Injin Hemi da ake sa wa wasunsu silinda 8 gare shi, lita 7, ƙarfin doki 425. Ku kwatanta da Fijo 504 tamu mai silinda 4 da lita 2 kacal.

Yau waɗannan motoci sun zama kayan gasa. Alƙalai ne ke zagaye mota da tocila da madubi da takardar maki, kuma tambayarsu ɗaya ce: haka ta fito daga kamfani? Suna duba lambar da aka buga a jikin inji ko ta yi daidai da ta shasi. Suna duba kwanan watan da ke jikin gilashi da kafireto, domin kayan da aka ƙera bayan ranar haɗa motar ba zai zama nata na asali ba. Hatta kan noti sai an ga tambarinsa. Zanen allin nan kuwa, leburorin kamfani ne suka riƙa yinsa don su san an duba wuri kaza, ko kaya kaza na mota kaza ne. Fentin da ya fantsama shi ma aikin hannun mai sauri ne a layin haɗa motoci. Saboda haka wanda ya goge komai tas, ya sa ƙarƙashin motarsa yana walƙiya fiye da yadda kamfani ya yi, maki zai rasa. Wata ƙungiya ta masu Corvette da aka kafa a 1974 ba ta ba mota ɗaya daga cikin manyan shaidunta sai ta sami kashi 94 cikin 100. Wani lokaci mai gyara yakan ci karo da takardar haɗa motar a maƙale cikin wayoyin kujera ko a kan tankin mai, ta yi shekara 50 a wurin, kuma wannan 'yar yagaggiyar takarda tana iya ɗaga farashin motar sosai. A 2014 an yi gwanjon wata Hemi Barracuda ta 1971 mai buɗaɗɗen kai a kan dala miliyan 3.5.

To, a ɗauko alƙalin nan a sauke shi a tashar Gummi, ko a mararrabar Daki Takwas, a nuna masa akori-kura 404 da ta yi lodin hatsi. Daga boneti zai fara ciwon kai. Injin na wata motar ne, giyar ta wata ce daban, ƙofa ɗaya fara ɗaya shuɗiya, an ɗaure ta da waya. Tankin da ya tsage an liƙe shi da sabulu, in ma ba galan aka ajiye gaba aka ja tiyo zuwa kafireto ba. Sifiri zai ba ta. Ita kuwa ta kai buhunan Nasarawar Burkullu ta dawo da mutane.

Ba mu yarda a raina wannan ba. Bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya a Anka, da sifana uku da guduma, yana rayar da motar da ta girmi iyayen wasunmu, a hanyar da ko sabuwar mota sai ta yi kuka. Motar Ba'amurken a tirela ake kai ta wurin gasa don kada ƙura ta taɓa taya. Tamu ita ke ciyar da gida. Wanda ke jiran ribar lodi ya sayi abin miya ba shi da lokacin neman noti mai tambarin 1978.

Sai dai akwai abin da alƙalan nan suka gane wanda mu muke sakaci da shi. Fijo tamu ce fiye da yadda muke zato. A Kakuri da ke Kaduna kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ɗin da Faransa ta fitar a 1968 an ci gaba da haɗa ta a can har 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar jami'an gwamnati, ta zama motar hakimi da ta alƙali da ta shugaban makaranta, dogon samfurinta kuma ya zama tasin Gusau da Sakkwato. Hannun 'yan Arewa ne ya ɗaura notinanta. Yanzu fa? Duk wadda ta kwanta a ƙofar gida wata shida, awaki sun mai da ita ɗaki, sai 'yan jari-bola su zo da sikeli su saye ta da kilo. Babu kamfanin da ke yin wata. In haka ta ɗore, ranar da wani ɗalibin makarantar nan zai so ya ga yadda 504 ɗin Kaduna take, da kujerunta da sitiyarinta da launinta na asali, sai dai a nuna masa hoto.

Mun ma riga mun san darajar barin mota yadda take. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Hujin harsasan na nan. Da an ba mai gyaran bodi ya toshe su ya yi fenti, da ta fi kyan gani, kuma da ba wanda zai taso daga Kano don ya kalle ta.

Ga kuma wani amfani na kusa, musamman ga wanda babansa ko yayansa ke shirin sayen mota ta hannu. Dubawar da alƙalin gasa ke yi ita ce dai ke raba mai saye da asara. In lambar shasi ta saɓa da ta takarda, ko aka ga alamar an kankare an sake bugawa, ko walda a kewayen wurin lambar, to a riƙe kuɗi. Motar sata ba ta da rubutu a goshi, kuma ranar da aka tare ta a shinge, wanda ke riƙe da makulli ne zai yi bayani. Malamanmu masu babur su ma abin ya shafe su.

Saboda haka ƙungiyarmu za ta fara ƙidaya. Duk wanda ke da 404 ko 504 a gidansu ko a unguwarsu, a Anka ne ko Gummi ko Bukkuyum, mai tafiya ko wadda ta kwanta, ya gaida mai ita da ladabi, ya nemi izini a buɗe masa boneti ya duba ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya maƙala. Ya tambayi shekarar da aka saye ta, da hannu nawa ta bi, da abin da ya rage a jikinta wanda ba a taɓa canzawa ba, ko da madubi ne. Lambar shasi ba za mu manna ta a bango ba, wannan sirrin mai mota ne. Sauran bayanin a kawo wa sakataren ƙungiya kafin a fara jarrabawar zangon nan, kuma wanda ya iya zane ya haɗo da hoton motar yadda ya same ta, har da awakin.